Takardun Ofis A Cikin ChatGPT: Ɓarakar Da Ba A Lura Da Ita Ba Daga Bebeji Zuwa Doguwa

A ɗauki misalin wata ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke gefen dajin Falgore. Ƙarshen wata ya zo, ana jiran rahoto a sakatariyar ƙaramar hukuma, kwamfutar ofis ta daɗe da mutuwa, wuta kuma ba a ma maganarta. Sai ta buɗe rajistar masu awon ciki, ta ɗauki hoton shafuka huɗu da wayarta, ta tura wa ChatGPT, ta ce ya jera mata su a teburi ya kuma fitar da jimilla. Kafin ta gama shan ruwa aiki ya kammala. Rahoto ya tafi a kan lokaci, oga ya yaba.

Abin da ba ta tsaya ta duba ba shi ne abin da ke cikin waɗannan shafuka: sunan kowace mace, sunan mijinta, unguwarsu, lambar waya, da sakamakon gwajin jininta. Babu ɗaya daga cikin matan da aka tambaya. Babu kuma wani a ofis da ya san cewa bayanan sun bar ginin.

Misali ne, amma duk wanda ke mu'amala da matasan ma'aikata a yankin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ya san ba a yi nisa da gaskiya ba. Sakataren ƙungiyar manoman masara yana son tsara sunayen waɗanda suka karɓi takin bashi. Malamin sakandare yana son haɗa sakamakon jarrabawa. Mai shagon POS a Kwanar Dangora yana son a lissafa masa cinikin mako. Akawun dillalin hatsi yana son a rubuta masa wasiƙa zuwa banki da Turanci mai kyau. Duk cikinsu babu mai mugun nufi. Suna son aiki ya yi sauri ne, kuma manhajar ƙirƙirarriyar basira tana nan a aljihu, kyauta, ba ta gajiya, ba ta yi wa mutum tsawa in ya yi kuskure.

A ƙasashen waje an ba wa wannan ɗabi'a suna mai nufin “basirar ɓoye”, wato ma'aikaci ya riƙa amfani da irin waɗannan manhajoji a bakin aiki ba tare da sanin ma'aikatarsa ko amincewarta ba. Wani bincike da Microsoft da LinkedIn suka fitar a 2024 ya nuna kashi 78 cikin 100 na masu amfani da ƙirƙirarriyar basira a wurin aiki nasu suke zuwa da shi, ba wanda ma'aikata ta ba su ba. Rahoton IBM na 2025 kan asarar da satar bayanai ke jawowa ya ce ɗaya cikin biyar na ma'aikatun da aka bincika sun samu ɓarakar bayanai ta wannan hanya. Waɗannan fa kamfanoni ne masu sashen kula da tsaron kwamfuta da ma'aikata na musamman. To ina ga ofishin da wayar ma'aikaci ita ce kwamfuta, ita ce na'urar ɗaukar hoto, ita ce kuma ma'ajiyar fayil?

Manyan ma sun faɗa

Labarin da ya fi shahara shi ne na Samsung. A farkon 2023, wasu injiniyoyin kamfanin a sashen haɗa ƙwaƙwalwar na'urori sun zuba sirrin aiki a ChatGPT har sau uku cikin 'yan makonni. Ɗaya ya kwafi rubutun manhajar kamfanin don a gano masa inda ta samu matsala, wani kuma ya tura abin da aka tattauna a taron cikin gida don a taƙaita masa. A watan Mayu na shekarar Samsung ta hana ma'aikatanta amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin kamfanin. Apple da bankin JPMorgan su ma sun taƙaita wa ma'aikatansu a wannan shekara.

Amma wanda ya fi kama da halin da ake ciki a nan shi ne abin da ya faru a Ostireliya. A watan Maris na 2025, wani ɗan kwangila da ke aiki da hukumar sake gina yankunan da bala'i ya shafa a jihar New South Wales ya loda wani fayil na Excel mai layuka fiye da 12,000 a ChatGPT. A ciki akwai sunaye, adireshi, lambobin waya da bayanan lafiya na mutanen da ambaliya ta raba da gidajensu, waɗanda suka nemi tallafi. Sai a watan Oktoba jama'a suka ji labari. Babu wanda ya yi kutse, babu ɗan dandatsa. Mutum ɗaya ne kawai ya so ya rage wa kansa aiki.

Ina bayanan suke zuwa?

A nan ne ake yawan ruɗewa. Wasu suna ganin da zarar an rubuta abu a ChatGPT, gobe wani a Legas zai tambaya a karanto masa shi kalma bayan kalma. Ba haka abin yake aiki ba, kuma wannan tsoron da aka zuzuta shi ne ke sa matasa su yi watsi da gargaɗin gaba ɗaya idan suka gane ba gaskiya ba ne. Abin da ke faruwa a zahiri ya fi wannan sauƙi, kuma ya fi shi haɗari.

Duk abin da aka tura, rubutu ko hoto ko murya, yana barin wayar ya tafi manyan kwamfutocin kamfanin da ke wata ƙasa, a adana shi a ƙarƙashin asusun mutum. A asusun kyauta na yawancin waɗannan manhajoji, kamfani na iya amfani da hirar wajen horar da sabbin samfuransa, sai dai idan mutum ya shiga saituna ya kashe da kansa. Google ma ya rubuta ɓaro-ɓaro a ƙa'idojin Gemini cewa mutane na iya karanta wani ɓangare na hirarraki don inganta manhajar, ya kuma ce kada a saka bayanan sirri. Mutum nawa ne suka karanta wannan kafin su danna “na yarda”?

Su kansu kamfanonin suna yin kuskure. A ranar 20 ga Maris, 2023, wata matsala a ChatGPT ta sa wasu mutane suka riƙa ganin kanun hirar wasu. A watan Janairun 2025, masu bincike na kamfanin tsaro na Wiz sun tarar da wani rumbun bayanai na DeepSeek a buɗe a intanet, babu kalmar sirri, da layukan bayanai fiye da miliyan ɗaya, har da hirarrakin mutane. A tsakiyar 2025 kuma aka gano cewa dubban hirarrakin ChatGPT da masu su suka danna maɓallin rabawa suna fitowa a binciken Google, har OpenAI ya cire wannan tsari. Ko gogewa ma ba tabbas ba ce: a shari'ar da jaridar New York Times ta shigar, wata kotu a Amurka ta umarci OpenAI a 2025 da ya ci gaba da riƙe hirarrakin mutane na wani lokaci, har da waɗanda suka goge.

Sai kuma shuɗin da'irar nan da ta bayyana a WhatsApp ɗin 'yan Najeriya tun Afrilun 2024. Mutane da yawa suna ɗauka tunda a cikin WhatsApp take, tana da kariya irin ta saƙon da suke tura wa abokansu, wanda ko kamfanin ba ya iya karantawa. Saƙon da aka tura wa Meta AI ba ya cikin wannan kariya. Dole Meta ta karanta shi, in ba haka ba da me za ta ba da amsa?

Ɓarawon yana kusa

Duk da haka, ga wanda ke zaune a Tudun Wada ko Riruwai, kamfanin da ke Amurka ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne takardun ofis sun koma zaune a cikin asusun mutum ɗaya, a wayar mutum ɗaya, inda ma'aikata ba ta da iko ko kaɗan.

Wayar nan ana ba ƙane ya buga wasa da ita. Ana barin ta a wurin mai caji a kasuwa daga safe har la'asar. In ta lalace a kai wa mai gyara, ya ce a faɗa masa lambar buɗewa don ya gwada, a faɗa masa. In an gaji da ita a kai kasuwar waya a yi musaya, sau da yawa ba a fita daga asusun Google ba. In an ƙwace ta a hanya kuwa, wanda ya ƙwata ya samu har da tarihin hirar watanni, a jere, kowace da kanunta. Da can in ɓarawo yana son rajistar asibiti sai ya fasa ƙofa ya ɗauki littafi. Yanzu littafin yana yawo a aljihu, kuma an riga an tsara masa shi a teburi.

Akwai kuma manhajojin bogi. Duk wanda ya rubuta “ChatGPT” a Play Store zai ga tarin manhajoji masu tambari kusan iri ɗaya, ga kuma waɗanda ake turawa ta Xender ko Telegram da sunan wai an buɗe na kuɗi ya zama kyauta. Wasunsu suna karɓar tambayar mutum su miƙa wa manhajar gaskiya su dawo masa da amsa, amma komai ya bi ta hannunsu. Wasu kuwa aikinsu ke nan kwashe kalmomin sirri. A watan Yunin 2023 kamfanin Group-IB ya ba da rahoton samun bayanan shiga asusun ChatGPT fiye da 100,000 ana sayarwa a kasuwannin ɓoye na intanet, waɗanda aka kwaso daga na'urorin da irin waɗannan manhajojin sata suka shiga. Wanda ya sayi asusu ɗaya ya sayi duk abin da mai shi ya taɓa rubutawa.

Me jerin sunaye yake nufi a bakin daji

A wani gari, in jerin sunaye ya fita, abin da zai biyo baya bai wuce saƙon talla ko kiran ɗan damfara ba. A yankin da dajin Falgore ya ratsa lissafin daban ne. Mutanen wannan yanki ba su manta shekarun da satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi hanyar Kano zuwa Jos ba, lokacin da direba ke duba agogo kafin ya shiga dajin. Abin ya kai har sojoji suka yi atisayen Harbin Kunama na biyu a can a 2017, daga baya aka mayar da wani ɓangare na dajin wurin horar da sojoji. An samu sauƙi, amma kowa ya san abin da masu wannan ta'asa suka fi dogara da shi: mai ba su labari. Wane ne ya sayar da buhu ɗari? Wane ne ya karɓi kuɗi jiya? Gidan wa ke ƙarshen gari?

Fayil ɗin ƙungiyar manoma yana amsa waɗannan tambayoyi duka a shafi ɗaya. Haka littafin mai POS da ke nuna wanda ke cirar kuɗi masu yawa duk ranar kasuwa. Haka jadawalin ranar da motar dillali za ta taso da kuɗin sayen masara. Haka kuma jerin sunayen 'yan sa-kai da lokacin sintirinsu, wanda wani matashi mai himma zai iya cewa a tsara masa da kyau don ya burge shugabansa.

Wanda ke ganin wannan zuzutawa ce ya tuna da Strava. A 2018 aka gano cewa taswirar da wannan manhajar motsa jiki ta wallafa tana nuna siffar sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, saboda sojoji suna gudun safe da na'urar a hannu. Babu sojan da ya yi niyyar tona asiri. Kowa yana ƙirga tafiyarsa ne kawai.

Sai damfara, wadda ita ce ta fi yawa. Wanda ya riƙe suna, lambar waya, sunan ƙauye da adadin bashin taki, in ya kira ya ce daga ofishin shirin yake, ana buƙatar lambar da aka turo yanzu don a saki kason bana, dattijo nawa ne za su ƙi karanto masa? Ya san abin da ba wanda ya kamata ya sani sai ofis.

Doka ta riga ta yi magana

Mutane da yawa ba su san cewa wannan ba batun ladabi ba ne kawai. A ranar 12 ga Yuni, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC da Dokta Vincent Olatunji ke jagoranta. Dokar ta ware bayanan lafiya, addini, ƙabila da na zanen yatsa a matsayin masu buƙatar kariya ta musamman. Ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, kuma loda fayil a manhajar da kwamfutocinta ke Amurka ko China fitarwa ce. Ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da mutane. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ƙanana kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin.

Hukumar ba barci take ba. A watan Yulin 2025 ta ci tarar MultiChoice, masu DStv, fiye da naira miliyan 766, kuma fitar da bayanan 'yan Najeriya waje ba bisa ƙa'ida ba yana cikin laifukan da ta lissafa. Gaskiya ne da wuya jami'an Abuja su zo Doguwa bin sawun sakataren ƙungiya. Amma ƙungiyoyin agaji, bankuna da kamfanonin POS da ke ba matasan yankin aiki su dokar ta fi kallo, kuma ranar da abu ya fashe, ƙaramin ma'aikaci ake fara sallama.

Hani kaɗai ba zai yi ba

Akwai ogannin da, in suka ji wannan bayani, abin da za su yi shi ne su rubuta sanarwa su manna a bango: an haramta amfani da AI. Wannan shi ne mafi arhar mataki, kuma shi ne mafi rashin amfani. Samsung ta iya hanawa ne don na'urorin nata ne, hanyar intanet ɗin ma tata ce. Shugaban asibitin ƙauye ba shi da iko da wayar da ma'aikaciya ta saya da kuɗinta, ta sa data da kuɗinta. Hani zai sa ta daina faɗa ne kawai, ba ta daina yi ba. Ranar da ta yi kuskure kuma ba za ta sanar da kowa ba, awa 72 ɗin nan ta wuce ba wanda ya sani.

Kuma a yi adalci, laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Ma'aikatar da ke neman rahoto a Excel amma ba ta ba da kwamfuta ba, ba ta ba da horo ba, ita ta tura ma'aikaci neman hanya. Manhajojin nan suna da amfani na gaske. Matashin da Turancinsa bai nuna ba yanzu yana rubuta wasiƙar da ba ya jin kunyar miƙawa. Babu dalilin raba shi da wannan.

Abin da ake buƙata shi ne layi ɗaya da kowa zai gane, a faɗe shi da Hausa a taron ma'aikata: duk abin da ke ɗauke da sunan wani, lambar wayarsa, BVN ko NIN ɗinsa, lafiyarsa, kuɗinsa ko inda yake kwana, ba ya shiga. Sauran abubuwa, bismilla.

Abin mamaki, wannan layi bai hana komai ba. Mai son lissafi a Excel ba ya buƙatar tura fayil ɗin; ya bayyana yadda ginshiƙan suke, ya ba da layi uku na sunayen ƙarya, a ba shi dabarar lissafin, ya je ya ɗora a kan na gaskiya a na'urarsa. Masu rubuta manhaja haka suke yi kullum, kuma amsar ma ta fi fitowa daidai, don waɗannan manhajoji suna yawan kuskuren tara lambobi idan aka jibga musu shafi guda, balle rubutun hannu da aka ɗauka a hoto cikin duhu. Mai son wasiƙa ya sa “Malam Wane” da “naira kaza”, ya cike gurbin daga baya. Sai dai a lura, cire suna kaɗai ba ya isa a ƙaramin gari. In aka ce matar mai unguwar ƙauye kaza mai ciki na bakwai, an gama faɗin suna.

A ɓangaren waya kuwa, a sauke manhaja daga Play Store kawai, a duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashinta: OpenAI ne ya yi ChatGPT, Google ya yi Gemini, Anthropic ya yi Claude. A shiga saituna a kashe amfani da hira wajen horarwa. A kunna tabbaci mai mataki biyu a asusun Google. A goge tsofaffin hirarrakin da ke da kayan ofis tun yau, duk da cewa gogewar ba ta dawo da abin da ya riga ya tafi, tana dai rufe ƙofa ga wanda wayar za ta faɗa hannunsa gobe.

Ma'aikatar da ke da hali ta biya asusun kasuwanci, inda kamfanonin suka yi alƙawari a rubuce cewa ba sa horarwa da bayanan abokan ciniki, kuma shugaba na iya rufe asusun ma'aikaci ranar da ya bar aiki. Da dala ake biya, don haka ba kowa zai iya ba. Akwai hanya ta uku da ba a cika magana a kanta ba: ƙananan samfura irin su Gemma da Llama ana iya sauke su a laftof mai ɗan ƙarfi su yi aiki ba tare da intanet ba, babu abin da ke fita daga ɗakin. Ba su kai manyan wayo ba, Hausarsu ma tana ɗingishi, amma sun isa taƙaita rahoto da gyara wasiƙar Turanci. A wurin da sabis ke ɗaukewa da zarar an wuce Tudun Wada an nufi daji, wannan ma wata riba ce. Gwamnatin tarayya kuma ta fitar da nata samfurin, N-ATLaS, a watan Satumban 2025, wanda aka horar da Hausa, Yarabanci, Ibo da Turancin Najeriya, kuma a buɗe yake ga mai son saukewa. Matasan yankin da ke koyon rubuta manhaja, ga aikin da za su iya kai wa sakatariyar ƙaramar hukumarsu: laftof ɗaya, faifan sola ɗaya, da rana guda ta koyar da ma'aikatan da ke haɗa rahoton ƙarshen wata.